Sharar Da A Ke Yi Cikin Kai Da Dare

Zancena na wannan mako da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse na ke yi, wadda aka kafa a 2011, da kuma malaman da ke yaba musu in sun kwana zaune da goro da shayi sa'ad da jarrabawa ta gabato.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma tana cinye wajen kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Gidan da a ke yawan girki kuwa ba ya rasa toka. To, wa ke kwashe ta?

A 2012 wata masaniya, Maiken Nedergaard, da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka suka nuna cewa ruwan nan garau da ke kewaye da ƙwaƙwalwa yana bin gefen jijiyoyin jini, ya kutsa ciki, ya kwaso datti ya fita da shi. A 2013 suka gwada da ɓeraye. Suka ga in ɓera ya yi barci, ratar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa kan buɗe da misalin kashi 60 cikin 100, har dattin da a ke kira amiloyid, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu ciwon mantuwa na tsufa, ya fita da sauri ninki biyu. Wanda ya san kasuwar Shuwarin ya gane zancen: ba a share ta tana ci, sai ta watse.

Wani zai ce ai mutum ba ɓera ba ne. Gaskiyarsa. Amma a 2019 an auna mutane masu barci a Boston, aka ga ruwan yana kai da komo kamar igiyar kogi, wajen kowace daƙiƙa 20. Waɗansu masana na Landan sun yi musu a 2024, suka ce nasu ɓerayen akasin haka suka nuna, gardama kuwa ba ta mutu ba tukuna. Abin da ba su yi jayayya a kai ba shi ne barci ke kafa karatun yini ya zauna, babba kuma yana bukatar awa 7 ko fiye.

Na san da bazara duwatsun garinmu kan riƙe zafi har dare ya raba, barci ya yi wuya. Saboda haka ni ke roƙon malamai, in dai da hali, su bar wa yara lokacin ƙailula bayan azahar, su kuma daina jera musu jarrabawar yamma da ta sassafe a kan juna.