Na'ura ce ke gasa ko ɗalibi?

Jama'a, masu bin darar Turawa, wato chess, za su tuna rigimar Disamba 2017. Manhajar AlphaZero ta kamfanin DeepMind ta kara da Stockfish wasa 100, ta ci 28, aka yi canjaras 72, ba ta faɗi ko ɗaya ba. Duniya ta yi ta tafi. Sai masana suka ce a dakata: AlphaZero a kan na'urorin Google na musamman take gudu, ita kuwa Stockfish an ƙuntata mata ma'adanar lissafi, an ba ta minti ɗaya kacal a kowane motsi. Sai da DeepMind ta sake karawar da wasa 1,000 da sharuɗɗa masu dama-dama kafin surutun ya lafa.

Wannan fa wasa ne, ba makomar ɗan kowa ba.

Mu kuma tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Tambaya 180, awa biyu. Yaron da ya samu cibiya mai kwamfuta lafiyayya da janareta tsayayye, da wanda tasa ke sandarewa yana ɗaga hannu yana jiran mai kula, duk agogo ɗaya ake buga musu. Daga baya a jera makinsu a ce wannan ya fi wancan. Haba!

Kada wani ya ce min ƙorafin malalata ne. A Mayun 2025 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito har da hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas. Na yaba masa da ya faɗi gaskiya. Amma waccan ta fito ne don ta yi yawa kuma iyaye sun yi ca. Ɗan Kawo ko Rigasa da kwamfutarsa ta cinye masa minti goma shi kaɗai, wa zai yi masa taron manema labarai?

Masu cewa "ai gara haka da zamanin takarda da satar amsa", na yarda. Ba cewa na yi a koma fensir ba. Cewa na yi a wallafa irin na'urar da kowace cibiya ke da ita, a kuma sa agogon ɗalibi ya tsaya da kansa duk sanda kwamfuta ta tsaya, a ba shi shaidar haka a rubuce kafin ya bar zauren.