Takardar gwaji ba ta isa ta raba yaro da ƙwai da madara ba

1/ Jama'a, yau da masu tallar "gwajin abinci kala-kala da ɗigon jini ɗaya" nake. A karɓe kuɗin uwa, a miƙa mata takarda da jan layi a kan madara da ƙwai, shikenan yaro ya koma koko zalla. Haba.

2/ Abin da yawancinsu ke aunawa sunansa IgG. Shi kuwa shaida ce kawai cewa jiki ya saba haɗuwa da abincin. Yaron da ke shan shayi da madara kullum ai dole ya fito. Tun 2008 ƙungiyar likitocin alaji ta Turai, EAACI, ta ce gwajin IgG4 ba ya nuna alajin abinci. Amma har yau ana sayarwa.

3/ Na gaskiyar IgE ake dubawa, ko a jini ko a fata. A ɗiga ruwan gwajin a hannu, a ɗan tsikari fatar, a jira kamar minti 15. In wurin ya tashi da milimita 3 ko fiye, an ce ya nuna. Wanda ya sha Piriton kwanan nan ma gwajin fatarsa na iya yin ƙarya.

4/ To ko shi fa, "ya nuna" ba ya nufin "yana da shi". Yara da yawa gwajinsu zai nuna, alhali suna cin wainar ƙwai lafiya lau. Shi ya sa likitan kirki tambaya yake fara yi: me ya ci? Bayan minti nawa? Borin jini ne, amai ne, ko leɓe ya kumbura? In da shakka, a ba yaron abincin kaɗan-kaɗan a asibiti, ga likita ga allurar adirenalin a kusa. A ASIBITI na ce, ba a tsakar gida ba don Allah.

5/ Masu "madara na murɗa min ciki, ina da alaji", ku ma ku matso. Galibi sukarin madara ne, laktos, cikinku ya kasa narkarwa, shi ya sa kindirmo ba ya damun wasunku. Mai alaji kuwa da furotin ɗin jikinsa ke faɗa, kindirmo ba zai raga masa ba. Nonon akuya ma ba mafita ba ne, furotin ɗinsu kusan ɗaya.

6/ Abin da ke ƙona min rai: yawancin yara suna rabuwa da alajin madara da ƙwai in sun girma, da yawa ma suna iya cin wanda aka gasa cikin kek. Amma wa zai sake duba yaron da aka yanke wa hukunci ta WhatsApp?

7/ In numfashi ya sarƙe ko fuska ta kumbura bayan cin abinci, ba lokacin neman gwaji ba ne. Asibiti, yanzu-yanzu.