Yawan Iyaka Ba Shi Ne Mulki Ba

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata magana da muke ji a bakin mutane, daga Shanono har cikin birni, wai in ana son gari ya ci gaba sai a ƙara yanyanka shi, kowane yanki a ba shi shugaba da ofis da mota. Mu kuwa ba mu yarda ba, kuma za mu faɗi dalili.

Ku dubi Birnin Kano. A da an kasa shi fuska huɗu, Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, kowace fuska da wakilinta, ƙarƙashin wakilai kuma ga masu unguwa. A ƙauye, mai unguwa yana bin dagaci, dagaci yana bin hakimi, hakimi yana bin Sarki. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sai suka fitar da hakimai daga birni, kowa ya je ya zauna a gundumarsa. Wannan tsari shi ake kira En'e. Tana da baitulmalinta, da shi kuwa aka kawo wa birni ruwan famfo daga Challawa da wutar lantarki a 1931. Ba mu ce ba ta da aibi ba. Talaka ya sha wuya wajen haraji da jangali da dukan 'yan doka, abin da ya sa NEPU ta tashi a 1950, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke harajin a 1979. Amma fa a zamanin nan, in rijiya ta rufta, kowa ya san ƙofar da zai je ya yi kuka.

To, yau fa? Tun gyaran da aka yi a 1976 mulkin gari ya koma hannun ƙananan hukumomi. Nijeriya tana da 774, Jihar Kano tana da 44, da mazaɓu 484. Birnin da kewayensa kaɗai an raba shi takwas: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwasar shara da magudanan ruwa, da sa hannu cikin sha'anin makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Aiki ne mai nauyi ƙwarai.

Amma ruwan damina bai san iyaka ba. Kwatar da ta toshe a wannan yanki, gidan mutumin wancan yanki take cinyewa. Shugabanni takwas, kwata ɗaya, kowa yana cewa ba tasa ba ce. Shi ke nan, an yi ɗan yawa mai hana aiki, sakainar da ba mai ita ta bi ruwa.

Babbar cutar kuwa tana wajen kuɗi. Shekara da shekaru rabon ƙananan hukumomi yana faɗawa cikin asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamnoni da yawa kuma suka riƙa naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe. Wanda aka naɗa, wa zai ji tsoro, talaka ko wanda ya naɗa shi? Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomi. Madalla. Amma hukunci a takarda ba ya yashe kwata, sai an sami masu tsayawa a kansa.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Shanono da kwatar birni? Da ruwansa. Dokar da ta kafa Dala ita ta kafa Shanono. Geronmu da wakenmu kasuwannin birni suke tafiya, 'yan'uwanmu can suke cin rani, mara lafiyarmu can ake kai shi in ɗakin shan maganin ƙauye ya gaza. Gazawar tasa kuwa daga wannan asusu ta samo tushe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ga abin da muke roƙonku. Kowane ɗan makaranta ya san sunan mazaɓarsa, da kansilansa, da mai unguwarsa, ya kuma san aikin da doka ta ɗora wa kowannensu. Ku da Allah ya ba ku karatu, ku karanta wa iyayenku abin da aka ware wa ƙaramar hukumarku, ku tambaya da ladabi ina aka kai shi. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ran da kuka girma aka ba ku riƙo, ku tuna kuɗin nan na marayu ne da manoma, kuma za a tambaye ku. Allah ya ba mu shugabanni masu jin kukan talakawa, amin.