Makamin Kafaɗa Mai Harbo Jirgin Sama: Tarihinsa da Abin da Ya Shafi Jihar Maraɗi

Mai karatu, idan ana maganar makami mai harbo jirgin sama, mutane da yawa suna zaton wata ƙatuwar na'ura ce wadda sai babbar mota take iya ja. Akwai irin wannan. Amma akwai wani iri wanda mutum ɗaya yake saɓawa a kafaɗa, ya yi tafiya da shi a ƙasa. Turawa suna kiransa MANPADS. A nan za mu kira shi makamin kafaɗa. Wannan darasi zai bayyana yadda aka ƙirƙiro shi, da yadda ya shigo yankin Sahel, da dalilin da ya sa ya kamata mutumin Maraɗi, ko Tibiri, ko Jiratawa ya san labarinsa.

Mene ne makamin kafaɗa?

Makami ne mai linzami da ke cikin wani dogon bututu. Tsawon bututun ya kai kamar mita ɗaya da rabi. Nauyin yawancinsu, idan an haɗa komai, yana tsakanin kilo 15 da kilo 20, wato bai fi nauyin jarkar ruwa mai lita 20 ba. Yana da manyan sassa uku: bututu da makamin da ke cikinsa, da mariƙi mai kunama, da batir na musamman.

Ana ce masa mai linzami ne domin yana gyara hanyarsa da kansa bayan ya tashi. A goshinsa akwai wani ido mai jin zafi. Injin jirgin sama yana fitar da zafi mai yawa, shi kuwa idon sai ya bi wannan zafi kamar yadda kare yake bin sawu. Nisan da yake ci ba shi da yawa. Yawanci kilomita 4 zuwa 6 ne, wato bai kai tazarar da ke tsakanin Maraɗi da Tibiri ba. Manyan jiragen fasinja suna tafiya a tsayin kusan kilomita 10, inda ba ya iya kaiwa. Saboda haka haɗarinsa ya fi yawa ga jirgi mai saukar ungulu, da ƙananan jirage, da kowane jirgi a lokacin tashi da sauka.

Yadda aka ƙirƙiro shi

A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ƙasa sun sha wuya a hannun jiragen yaƙi. Bayan yaƙin jirage suka ƙara gudu, har bindiga ta kasa cim musu. Sai manyan ƙasashe suka fara neman makamin da ƙaramin soja zai kare kansa da shi.

Amurka ta ƙera Redeye, wanda sojojinta suka fara riƙewa a shekarun 1960. Tarayyar Sobiyet ta fito da Strela-2 a 1968, wanda aka fi sani da SA-7. Waɗannan na farko suna da rauni. Idonsu ba ya ganin jirgi sosai sai ta baya, inda zafin inji yake fita. Zafin rana ma yana iya ruɗa su. Matuƙa jirage suka gane haka, suka riƙa watsa dunƙulen wuta a sama domin makamin ya bi wutar ya bar jirgin.

Daga nan aka shiga tsere tsakanin masu ƙera makami da masu ƙera jirgi. Amurka ta kawo Stinger a 1981. Sobiyet ta kawo Igla a farkon shekarun 1980. An sanyaya idon waɗannan domin ya ƙara kaifi, har ya iya ganin jirgin da ke tahowa ta gaba. Na baya-bayan nan suna iya bambanta zafin inji da na dunƙulen wuta. Wasu ƙasashe sun bi wata hanya dabam. Suwidin ta ƙera RBS 70 a shekarun 1970, wanda ba ya bin zafi, sai dai wani siririn haske da sojan yake haskawa. Faransa tana da Mistral, Ingila tana da Starstreak, Sin ma tana ƙera nata. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ƙiyasta cewa an ƙera fiye da miliyan ɗaya a duniya tun daga shekarun 1960.

Cikin duk wannan tarihi masu ƙira sun riƙe buri guda: makamin ya zama mara nauyi, mai sauƙin ɗauka, mai sauƙin koyo. Wannan buri shi ne ya zama matsala. Abin da soja ɗaya zai iya ɗauka, ɓarawo ɗaya ma zai iya ɗauka. Abin da zai shiga bayan ƙaramar mota, zai iya ƙetare iyaka a ɓoye. Idon makamin kuma zafi kawai ya sani, bai san bambancin jirgin yaƙi da jirgin da ya ɗauko magani ba.

Ɓarnar da ya yi wa farar hula a Afirka

Nahiyarmu ta ɗanɗana wannan sau da yawa. A 1978 da 1979 an harbo jiragen fasinja biyu a Rodeshiya, ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau. A watan Agusta na 1986 ƴan tawayen kudancin Sudan sun harbo jirgin fasinja da ya tashi daga Malakal, mutum 60 suka rasu. A lokacin ana fama da yunwa a yankin, sai jigilar agaji ta sama ta tsaya na wani lokaci, masu jiran abinci suka ƙara shiga wahala.

A watan Disamba na 1988 an harbo wani jirgi a kan Yammacin Sahara. Hukumar raya ƙasashe ta Amurka ce ta yi hayarsa domin feshin fara. Ma'aikatansa biyar duk suka rasu. Ƙungiyar Polisario ta amsa cewa mayaƙanta ne suka yi harbin bisa kuskure. Duk manomin da ya ga abin da fara ta yi wa gonakin Nijar a 2004 ya san darajar irin wannan jirgi.

A ranar 6 ga Afrilu, 1994, an harbo jirgin da ke ɗauke da shugaban Ruwanda da na Burundi yana shirin sauka a Kigali. Har yau ana jayayya a kan wanda ya yi harbin. Amma abin da ya biyo baya sananne ne: kisan ƙare dangi wanda ya ci rayuka kusan 800,000 cikin kwana ɗari. A ƙarshen 1998 da farkon 1999 an harbo jirage biyu masu yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya aiki a Angola. A watan Nuwamba na 2002 an harba makamai biyu kan wani jirgin fasinja da ya tashi daga Mombasa a Kenya, Allah ya kiyaye suka kuskure shi.

Yadda ya kusanto Nijar

Babbar ƙofa ta buɗe ne a 2011, lokacin da gwamnatin Mu'ammar Gaddafi ta faɗi a Libiya. Jami'an Amurka sun ƙiyasta cewa Libiya ta sayi irin waɗannan makamai har kusan 20,000 cikin shekarun mulkinsa, yawancinsu tsofaffin SA-7. Da yaƙi ya ɓarke, masu gadin rumbuna suka gudu, kowa ya shiga ya ɗiba. A ƙarshen wannan shekara an ba da labarin cewa kimanin 5,000 aka samu aka killace. Wasu sun ƙone a ruwan bama-bamai, wasu sun shiga hannun ƙungiyoyi masu makamai. A ranar 31 ga Oktoba, 2011, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2017, yana gargaɗi a kan bazuwar makaman Libiya, musamman makamin kafaɗa.

Nijar tana da doguwar iyaka da Libiya, ta cikin hamada. A watan Yuni na 2011 sojojin Nijar sun yi arangama da masu fasa-ƙwauri a yankin Arlit, suka kama fiye da kilo 600 na abin fashewa da ya fito daga Libiya. A 2013 an samu makaman SA-7 a maɓoyar mayaƙa a arewacin Mali. A watan Oktoba na 2014 sojojin Faransa, tare da haɗin guiwar na Nijar, sun tare wani ayarin motoci a arewacin Nijar da ya fito daga Libiya zai shiga Mali. An ba da rahoton cewa yana ɗauke da makamai kusan tan uku, har da SA-7 a ciki.

Akwai abin da ya rage kaifin wannan barazana. Batirin makamin yana mutuwa idan ya daɗe, zafi da ƙura kuma suna lalata kayan da ba a adana da kyau ba. Da yawa daga cikin na Libiya sun tsufa tun kafin a sace su. Amma tsohon makami bai zama abin wasa ba. Ko da ba zai tashi ba, abin fashewar da ke cikinsa yana nan, yana iya hallaka wanda ya taɓa shi.

Ina ruwan Maraɗi?

Makamin da ya addabi karkarar Maraɗi shi ne bindiga. Ƙauyukan gundumar Madarunfa, inda Jiratawa take, da na gundumar Gidan Runji, inda Tibiri take, sun san satar shanu da satar mutane domin kuɗin fansa. A 2019 mutane fiye da 40,000 sun gudo daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, kamar yadda hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana. A watan Maris na 2021 gwamnatin Najeriya ta hana jirage shawagi a samaniyar Zamfara. A watan Yuli na wannan shekara ƴan bindiga suka kakkaɓo wani jirgin yaƙin Najeriya a iyakar Zamfara da Kaduna. Da harsashi suka same shi, kuma matuƙin ya tsira da ransa. Wannan ya nuna cewa masu ɗauke da makamai a maƙwabta sun fara ɗaga kai suna duban sama.

Maraɗi gari ne na fatauci. Hanyar da ta taso daga arewa tana ratsa ta, ta bi Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Wannan hanya ita ce arzikin gari, amma mai fataucin makami ma hanya yake nema. Motar da za ta ɓoye bindiga goma za ta iya ɓoye bututu ɗaya.

Abin da za a yi hasara kuwa ba ƙarami ba ne. A yunwar 2005 Maraɗi ce cibiyar jinyar yara masu tamowa, kuma jirage sun sauka a filin jirginta da kayan agaji. A 2008 Hukumar Abinci ta Duniya ta buɗe jigilar ma'aikatan agaji ta sama a Nijar, Maraɗi tana cikin zangonta. Kamfanonin jirage da masu inshora ba sa jiran a harbo jirgi kafin su janye. Da zarar an tabbatar akwai irin wannan makami a wani yanki, sai kuɗin haya ya hau, ko jirgi ya daina zuwa. Wanda zai fara jin zafin wannan shi ne yaron da ke jiran magani da manomin da ke jiran feshi.

Me hukumomi suka yi?

Sanya wa kowane jirgin farar hula na'urar kariya abu ne mai tsada ƙwarai. Shi ya sa ƙasashe suka fi mai da hankali ga ƙasa: a ƙidaya makamai, a kulle rumbu, a lalata waɗanda suka tsufa, a hana sayar wa wanda ba gwamnati ba. Ƙasashe masu ƙera makamai sun amince da ƙa'idojin sayar da makamin kafaɗa a 2000, suka tsaurara su a 2003. A 2006 ƙasashen CEDEAO sun sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar ƙananan makamai. Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, amma buƙatar musayar labari tsakanin jami'an iyakar Maraɗi da na Katsina tana nan, domin mai fasa-ƙwauri ba ya tsayawa a shinge.

A cikin gida, Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, wato CNCCAI, a 1994. A ranar 25 ga Satumba, 2000, an ƙona tarin bindigogi a Agadas a bikin Wutar Zaman Lafiya. Wannan ya nuna cewa karɓar makami daga hannun jama'a abu ne mai yiwuwa idan akwai amana.

Abin da ya kamata mai karatu ya yi

Na ɗaya, idan ka ga dogon bututu mai launin kayan soja, ko dogon akwati mai baƙon rubutu, a daji ko a gona ko cikin kaya, kada ka taɓa, kada ka buɗe, kada ka sa masa wuta. Ka ja da baya, ka hana yara da dabbobi kusantarsa.

Na biyu, ka sanar da mai gari ko mai unguwa, ko jandarmomi, ko ƴan sanda. Ka faɗi wurin da abin da ka gani da idonka, ba tare da ƙari ba.

Na uku, maƙera da masu sayen tsohon ƙarfe su yi hattara. Kada a sare, kada a narka ƙarfen da ba a san asalinsa ba.

Na huɗu, direbobi da ƴan kamasho a tasha kada su karɓi kayan da mai shi ya hana a duba, komai yawan kuɗin da ya bayar.

Na biyar, kada a yaɗa jita-jita ta waya. Labarin ƙarya a kan makami yana iya korar jirgin agaji kamar yadda na gaskiya zai yi, yana kuma iya jawo zargi kan baƙo ko makiyayin da bai ji ba bai gani ba.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Idan makamin kafaɗa ya tashi, cikin daƙiƙoƙi kaɗan yake isa. Kafin wannan rana kuwa sai ya yi watanni yana tafiya a ƙasa, daga rumbu zuwa mota, daga mota zuwa gida. A cikin wannan doguwar tafiya ne ake iya tare shi, kuma mutanen da ke zaune a bakin hanya su ne suke fara gani.