Shayi A Tebur, Yunwa A Gida

Abin takaici ne abin da ake gani a Kanya Babba bayan sallar Isha'i. Magidanci zai zauna teburin mai shayi, a soya masa indomi da ƙwai, ya zarce wajen mai tsire, alhali ya bar iyalinsa da ɗumamen tuwo da miyar kuka lami. In an yi magana ya ce tun cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada. Shin tsadar a gida kaɗai take? Ciyarwa fa wajibi ce a shari'a.  Ga shi har samari masu shirin aure sun fara kama gurbi a bencin.