Masu cewa a raba: a bar su su shiga majalisa, ko a rufe musu ƙofa?

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, musamman shugabannin mata na mazaɓu. Saƙon yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Wadda ta karanta ta daure ta karanta wa wadda ba ta samu dama ba.

Makon jiya a wurin wani suna a Tudun Wada, wata yarinya sa'ar 'yata ta tare ni ta ce, "Mama, wai wannan Jihar Tiga da ake ta faɗa, shi ke nan mun fita daga Najeriya?" Mata suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, domin na san ba ita kaɗai ce maganar ta rikice wa ba. 'Ya'yanmu maza suna ta turo saƙonnin murya, wannan ya ce Arewa ta ware kowa ya huta, wancan ya ce 'yan majalisarmu su tattara su dawo gida. An cakuɗa neman jiha da neman raba ƙasa wuri guda kamar fate. Gara mu tsince su ɗaya bayan ɗaya kafin wani ya zo ya karɓi ƙuri'armu da maganar da ba mu gane ba.

Da farko dai, a Najeriya babu jam'iyyar 'yan aware a Majalisar Tarayya, kuma doka ce ta hana. Sashe na 2 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ƙasar nan ɗaya ce, ba ta rabuwa. Sashe na 222 ya ce ba za a yi wa jam'iyya rajista ba sai ƙofarta a buɗe take ga kowane ɗan ƙasa, sunanta da tambarinta ba su nuna wata ƙabila ko addini ko yanki ba, hedikwatarta kuma tana Abuja. Na 223 ya ƙara da cewa shugabanninta su fito daga aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jihohi 24. Dattawan da suka tsara haka ba wauta suka yi ba. Sun ga Jamhuriya ta Farko, lokacin da kowane yanki ke da tasa babbar jam'iyyar, kuma sun ga inda aka ƙare.

Amma ku zo mu duba tarihin da kyau, don ni wani darasin na ɗauko daga ciki.

Ranar 31 ga Maris 1953, a Majalisar Wakilai da ke Ikko, Anthony Enahoro ya kawo ƙudirin a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello suka ce a'a, sai lokacin da ya dace, domin Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin boko a lokacin. Da suka fito aka yi musu ihu a titunan Ikko. Ransu ya ɓaci ƙwarai. A watan Mayu rikici ya ɓarke a nan Kano, tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka yi kwana huɗu ana yi, aka rasa rayuka fiye da 30. Majalisun Arewa a Kaduna suka fito da buƙatu takwas, waɗanda in da an bi su, da abin da zai rage tsakaninmu da Kudu bai wuce tsaro da kwastan da hulɗa da ƙasashen waje ba. Kun ga ashe mu ma mun taɓa kai wa bakin ƙofa. To me ya faru? Da yake masu fushin zaɓaɓɓu ne, suna da kujeru, an san da wa za a zauna. Aka kira taro a Landan a 1953, aka sake wani a Ikko a farkon 1954, aka fito da tsarin tarayya, kowane yanki ya samu ikon tafiyar da al'amuransa. A taron Ikko ɗin ma Awolowo ya nemi a rubuta cewa duk yankin da ya ga dama zai iya ficewa. Aka tattauna, aka ƙi, aka tashi lafiya.

Sai ku kwatanta da 1966. Sojoji sun kifar da gwamnati a watan Janairu, sun rufe majalisa. A watan Mayu Janar Ironsi ya soke tsarin yankuna da dokar soja. Mutanenmu suka fita titi suna cewa "a raba", domin babu zauren da za a kai kukan. Aka zubar da jini a garuruwan Arewa. Ranar 30 ga Mayu 1967 Ojukwu ya ayyana Biyafara, aka yi wata 30 ana yaƙi har Janairun 1970. Ana ƙiyasin mutum fiye da miliyan ɗaya ne suka mutu, mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba, yunwa ce, kuma ƙananan yara ne suka fi yawa. Duk uwar da ta taɓa riƙe yaro mai tamowa a hannunta ta san abin da nake nufi.

Fushin 1953 ya samu majalisa, na 1966 bai samu ba. Daga nan ra'ayina ya fito. Ni ba na son a raba Najeriya, wallahi ko kaɗan. Shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa da tumaturin Kadawa, ina ake kai su in ba Kudu ba? 'Yan uwanmu nawa ne ke neman abinci a Legas da Ibadan da Fatakwal? Amma mai son a raba, gara in gan shi a zaure yana ɗaga hannu ana ƙirga shi, da in ji shi a waya yana cewa da yawun mutum miliyan hamsin yake magana, alhali ko kansila bai taɓa ci ba. Mu mata mun san wannan a gidajenmu. Matar da ta je gaban waliyyinta ta zayyana abin da ke damunta, aurenta ya fi kusa da gyaruwa a kan wadda aka toshe wa baki har ta wayi gari ta ɗaure kayanta.

Wasu ƙasashen sun gwada barin su shiga. A Birtaniya akwai jam'iyyar SNP, wadda manufarta a fili ita ce yankin Sikotilan ya ɓalle. A shekarar 1967, shekarar da muka fara yaƙinmu, wata mata lauya mai suna Winnie Ewing ta ci kujerar majalisar Landan a ƙarƙashin jam'iyyar. Ba a kama ta ba, ba a harbe ta ba, ta je ta zauna tana faɗar abin da ya kawo ta. A 1999 yankin ya samu majalisar kansa, kuma ita ce ta jagoranci zaman farko a matsayinta na wadda ta fi kowa shekaru. A 2014 aka ba su ƙuri'ar raba gardama. Kashi 55 cikin ɗari suka ce a zauna tare, kashi 45 suka ce a rabu, kowa ya koma gida ya ci tuwonsa. A zaɓen 2015 jam'iyyar, ƙarƙashin wata matar kuma, Nicola Sturgeon, ta kwashe kujeru 56 cikin 59 na yankin. A 2024 suka dawo 9. Jama'a ne suka ɗaga su, jama'a suka sauke su, da akwatin zaɓe kawai.

Ba zan ɓoye muku illarsa ba. A Sifaniya, bayan zaɓen 2023, Firaminista Pedro Sánchez bai samu rinjayen kafa gwamnati ba sai da ya nemi ƙuri'u 7 na wata jam'iyyar 'yan awaren Kataloniya, a majalisa mai kujeru 350. Farashin da suka sa shi ne a yi wa mutanensu afuwa kan yunƙurin ɓallewar da suka yi a 2017, kuma aka yi. Mutum bakwai suka riƙe wa ƙasa guda wuya. Irin wannan a wurinmu, inda siyasa ta riga ta zama ciniki, kun san yadda za ta kaya. Wani zai shiga da sunan 'yantar da yanki, ya fito da kwangila. Akwai kuma masu cin kujera su ƙi zama, kamar jam'iyyar Sinn Féin ta Ailan ta Arewa, wadda ke da kujeru 7 a majalisar Landan amma ba ta shiga, saboda ba za ta yi wa Sarkin Ingila rantsuwar biyayya ba. Su sun faɗa wa masu zaɓensu haka tun kafin zaɓe. Mu da muke neman a gyara mana hanya da asibiti, kujerar da babu kowa a kanta ba ta da amfani gare mu. Masu cewa wakilanmu su ƙaurace wa majalisa su dawo gida, ban tare da su.

Duk da haka, in aka ɗora min biyun a sikeli, na zaɓi ɗan aware mai kujera, wanda ya ajiye makami, ya yarda a ƙirga shi. Ku dubi Kudu maso Gabas. An haramta ƙungiyar IPOB a 2017, ba su da kujera ko ɗaya, ba wanda ya taɓa auna yawansu da ƙuri'a. Amma daga 2021 aka shiga tilasta wa mutane zaman gida duk ranar Litinin. Wa ya sha wahalar? Mai sayar da kayan miya a kasuwar Onica, da uwar da ɗanta ya rasa makaranta. Na san ba gobe za a taɓa sashe na 222 ba, kuma na san wasu manyanmu maza ba za su ji daɗin wannan magana tawa ba. Ra'ayina ne, ba matsayar jam'iyya ba ce, kada wata ta je ta ce an ce.

To yanzu mu dawo gida, ga amsar 'yata ta Tudun Wada. Neman Jihar Tiga ba ɓallewa ba ne. Ɗaki ake nema a cikin gida, ba barin gidan za a yi ba. Ita kanta Jihar Kano a 1967 Gowon ya yanke ta daga Jihar Arewa, Jigawa kuma a 1991 Babangida ya yanke ta daga Kano. A 2024 Sanatan Kano ta Kudu, Kawu Sumaila, ya kai ƙudirin Jihar Tiga gaban Majalisar Dattawa. Masu nema suna da hujja mai ƙarfi. Kano ta Kudu kaɗai ƙananan hukumomi 16 ce da sanata ɗaya, Bayelsa kuwa ƙananan hukumomi 8 ce da sanata 3 da gwamnanta. Ruwan Dam ɗin Tiga da Audu Bako ya gina a ƙasar Bebeji yake, ma'adinan Riruwai a Doguwa suke. Ni da kaina na taɓa raka wata ƙanwata mai doguwar naƙuda daga Doguwa zuwa birni cikin dare, muka keta dajin Falgore ina riƙe da kanta a cinyata, ina karanta duk abin da na haddace. Allah ya raya ta, jaririn bai zo da rai ba. Mutumin Doguwa ya fi kusa da Saminaka ta Jihar Kaduna a kan gidan gwamnatin jiharsa. Duk mai cewa kukan nan son zuciya ne bai taɓa yin wannan tafiyar ba.

Sai dai ku san hanyar ba gajera ba ce, kada wani ya zo da atamfa da taliya ya ce in an zaɓe shi bana, baɗi jiha ta samu. Sashe na 8 ya ce sai kashi biyu bisa uku na wakilan yankin a Majalisar Dattawa da ta Wakilai da ta jiha da ƙananan hukumomi sun sa hannu. Sannan a yi ƙuri'ar raba gardama, kashi biyu bisa uku na mutanen yankin su amince. Sannan mafi yawan jihohin ƙasar nan su yarda ta bakin majalisunsu. Sannan kashi biyu bisa uku na sanatoci 109 da na wakilai 360 su amince. Tun da Abacha ya ƙirƙiro jihohi shida a 1996 ba a ƙara ko ɗaya ba, kuma in ban da yankin Tsakiyar Yamma a 1963, farar hula ba su taɓa yi ba, duk sojoji ne. Ga kuma wasu yankunan da dama da ke kan layi da irin buƙatarmu. Ma'ana, ba za mu samu ba sai da hannun ɗan majalisar Enugu da na Oyo. Wanda ya kwana yana zagin 'yan Kudu a waya, da safe ya ce yana son Jihar Tiga, bai san lissafi ba.

Akwai abu ɗaya da ya fi tsaya min a rai. A 2019 mun kwanta a masarautar Kano muka tashi a ta Rano, a 2024 aka sake mayar da mu. Ba zan shiga maganar wa ke da gaskiya ba, amma sau biyun nan akwai wanda ya tambayi mace ɗaya a Kofa ko Yako ko Riruwai? Majalisar Dokokin Kano kujeru 40 ce, zaɓen 2023 bai kai mace ko ɗaya ba. Majalisar Dattawa mata 4 ne cikin 109. A watan Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudirorin da suka nemi ƙara wa mata gurbi. Mu da sai a 1976 muka fara jefa ƙuri'a a Arewa, bayan irin ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha, mun fi kowa sanin zafin a yanke maka hukunci kana waje. In Jihar Tiga sabon gwamna ce kawai da sababbin kwamishinoni da jerin gwanon motoci, mu kuma a bar mu da guɗa da rabon ruwan leda a wurin taro, to mun canza suna ne kawai.

Don haka duk ɗan takara ko wakilin da ya zo muku da maganar jiha, ku tambaye shi sa hannun mutum nawa ya tara cikin waɗanda sashe na 8 ya lissafa, da 'yan majalisar jihohi nawa ya zauna, ina za a kai babban asibitin haihuwa, kuma mata nawa ne a kwamitin neman jihar. In ya fara kame-kame, ku rubuta amsar tasa yadda ya faɗa, da ranar da ya faɗa. Shugabannin mata na mazaɓu su tattaro min su, za mu karanta su ɗaya bayan ɗaya a zamanmu na wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Wassalam.
Taku, Shugabar Mata.