Albaras da Allurar Zane: Nasiha ga Malamai da 'Yan Kasuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya 'yan'uwa, ku sani albaras, wato farin dabbaren da ke fitowa a jiki, ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗaukarsa ta wurin musafaha ko cin tuwo a akushi ɗaya. Likitoci sun tabbatar garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin da ke ba fata launinta. Dabbaren kuturta yakan mutu har a taɓa ba a ji. Na albaras kuwa da jinsa.

Yanzu akwai masu cusa tawada cikin fata da allura don ɓoye farin. Ra'ayinmu shi ne kada a yi gaggawa, saboda dalili uku. Na fari, rauni da kansa yakan tsirar da sabon dabbare a jikin mai wannan ciwo, sai garin neman gira a rasa ido. Na biyu, tawada takan koɗe ko ta sāke launi, idan kuwa farin ya yaɗu sai zanen ya zama tsibiri a tsakiyarsa. Na uku, allurar da ba a tsarkake ba tana ɗauko ciwon hanta. Don haka likitoci ba su yarda da shi sai ciwon ya daɗe da tsayawa, galibi a leɓe.

Ta wajen shari'a, Buhari da Muslim sun ruwaito la'anar mai yin zane da mai neman a yi mata. Amma waɗansu malamai sun bambanta ado da kawar da aibi, suna kafa hujja da Arfajatu, wanda aka yi wa izinin sa hancin zinariya. To, kada malami ya yanke hukunci sai ya ji bayanin likita.

Akwai hanyoyi masu sauƙi: man shafawa mai kama da launin fata, da maganin haske a asibiti, har a 2022 Amurka ta yarda da wani man shafawa, Opzelura.

Amma me ke kai mutum ga allura? Gorin jama'a ne: a fasa aurensa, a ƙaurace wa rumfarsa. Malamai, ku faɗa a wa'azi. 'Yan kasuwa, ku ba shi hannu, ku yi ciniki da shi. Allah ya sa mu dace, amin. Wassalam.